Wuƙar Kwanan Daji: A Fara Duba Ƙota Kafin Kaifi

Duk wanda ya tsaya a rumfar masu kayan ƙarfe a kasuwar Kafanchan, ko ta Kwoi, ko ta Zonkwa, zai lura cewa kusan gwaji ɗaya masu sayen babbar wuƙa suke yi mata. Mutum zai zare ta daga kube, ya ɗaga ta ya dubi ƙyallinta, ya shafa babban yatsa a gefen kaifin, wani ma ya ƙwanƙwasa ta da farce don ya ji amon ƙarfen. Idan waɗannan sun yi masa, sai a shiga ciniki. Ƙotar da zai yini yana damƙe da ita kuwa, da wuya ta sami kallo na biyu. A ganina an juya tsarin ne. Ga wuƙar da za a shiga daji da ita a kwana, ƙota ce abin fara dubawa, kuma ita ce ya kamata ta yanke hukuncin girman wuƙar da mutum zai ɗauka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wuƙar da ta dakushe tana tona kanta tun a yankan farko, kuma ko yaro ya san maganinta, wato dutsen wasa. Ƙotar da ba ta dace da hannu ba kuwa ba ta nuna halinta a bakin rumfa. Sai an yi sa'a guda ana sara, tafin hannu ya jiƙe da zufa, yatsu sun fara sagewa, sannan take bayyana, a lokacin da mai ita ya yi nisa da kasuwa, ya kuma yi nisa da asibiti.

A kudancin Kaduna kwanan daji ba shaƙatawa ba ce kawai irin ta masu yawon buɗe ido, ko da yake akwai matasa da ɗalibai da ke hawa duwatsun Kagoro ko su yada zango kusa da magangarar ruwan Matsirga, akwai kuma 'yan sikawut da 'yan Boys' Brigade da ke fita sansani a lokacin hutu. Mafi yawan masu kwana a waje aiki ne ke kai su. Akwai manomin da gonarsa ta yi nisa da gida, wanda ke kafa bukka ya tare a can lokacin haƙar citta a ƙasar Jaba da Kachia da Kagarko. Akwai mafarauta, waɗanda bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu yake tuna mana cewa ƙarewar girbi ita ce buɗewar lokacinsu. Akwai makiyaya, da masu ɗiban zuma, da masu aikin katako a wurare irin su gandun dajin Nimbia. Dukkansu abin da suke nema a wajen wuƙa ɗaya ne: ta share wurin kwana, ta saro sandunan bukka, ta faskara ƙirare, ta fiƙe turke, ta yanke igiya, sannan da yamma ta fere doya, ta feɗe abin da aka kama, ta yanka albasa. Idan aka duba da kyau, waɗannan ayyuka iri biyu ne masu saɓanin buƙata. Sara yana son a riƙe wuƙa daga can ƙarshen ƙota, riƙo mai ɗan sassauci, a bar nauyin ƙarfen ya yi aikin. Fiƙa da fira da fiɗa kuwa suna son hannu ya matso kusa da ruwan wuƙar, babban yatsa ya hau bayanta ya yi mata jagora. Ruwan wuƙar bai canja ba tsakanin ayyukan biyu. Hannu ne ya canja mazauni. Saboda haka ƙotar da ba ta da wurin zama biyu ta riga ta raba wuƙar da rabin amfaninta, komai kyan ƙarfenta.

Batun kauri shi ne aka fi yi wa bincike, domin masana lafiyar ma'aikata sun daɗe suna auna yadda hannu ke riƙe kayan aiki. A shekarar 2004 hukumar NIOSH ta Amurka, tare da hukumar kare lafiyar ma'aikata ta jihar Kalifoniya, ta fitar da jagora kan zaɓen kayan aikin hannu. A ciki ta ce abin da ake damƙa da dukkan hannu don aikin ƙarfi, kaurin mariƙinsa ya kasance tsakanin inci 1 da kwata zuwa inci 2, wato daga santimita 3 da 'yan kai zuwa santimita 5, tsawonsa kuma ya wuce faɗin tafin hannu, abin da yakan kama inci 4 zuwa 6, ko santimita 10 zuwa 15. Ba don wuƙa kaɗai aka yi wannan awo ba, ya haɗa da guduma da makamantanta, kuma ƙotar wuƙa takan fi daɗi a ƙasan wannan ma'auni. Amma hujjar da ke bayansa ta shafi wuƙa kai tsaye. Idan ƙota ta yi siriri, yatsu sukan zagaye ta har su hau kan juna, farce ya nutse cikin tafi, fatar da ke taɓa itacen ta ragu, sai mutum ya riƙa matsewa fiye da kima don kada wuƙar ta juya. Wannan matsewar ita ce ke gajiyar da damtse tun kafin aiki ya yi nisa. Idan kuma ta yi kauri, yatsu ba sa rufewa, babban yatsa ba ya iya kulle su, ƙarfin damƙa ya faɗi, kowane sara ya riƙa neman fizge wuƙar daga hannu. Duka kuskuren biyu wuri ɗaya suke kaiwa: hannu ya gaji, gajiyayyen hannu kuma shi ne ke kuskure itace ya sami ƙauri ko gwiwa. Gwajin da ya fi kowane awo sauƙi shi ne mutum ya damƙi ƙotar ba tare da ya matse ba. Idan kan yatsansa na tsakiya ya taɓa tudun gindin babban yatsa, ko ya kusa taɓawa, kaurin ya yi. Idan ya nutse ciki, ta yi siriri. Idan an bar rata da wani yatsa zai iya shiga, ta yi kauri.

Tsawo ma haka yake, sai dai a nan kuskuren kusan kullum gefe ɗaya yake faɗawa, wato gajarta. Faɗin tafin babban mutum, idan aka auna ta gindin yatsu huɗu, yakan kama santimita 8 zuwa 9, na mata kuma yakan ɗan gaza haka. Ƙota mai santimita 10 za ta ɗauki hannun, amma ba ta bar masa wurin motsi ba, kuma ƙarshenta yakan tokare tsakiyar tafi, inda jijiyoyi suke kusa da fata. Ga babbar wuƙa mai ruwa santimita 20 zuwa 25, ni ina ganin kada ƙota ta gaza santimita 12 ko 13, domin a sami rarar da hannu zai ja baya lokacin sara ya matso gaba lokacin fiƙa. Siffa kuma tana da nata hukuncin. Ƙotar da aka zagaye ta kamar sandar tsintsiya tana mirginawa a hannu, kuma ba ta gaya wa mai ita inda kaifi ya fuskanta. Wadda aka yi ta da ɗan faɗi, ta fi tsawo daga baya zuwa ciki fiye da gefe zuwa gefe, tana sanar da tafi inda bakin wuƙa yake ko da cikin duhu ne, kuma wanda ya taɓa neman yanke igiya da dare ba fitila ya san darajar wannan. Ana so ƙarshenta ya ɗan kumbura ko ya lanƙwaso ƙasa, yadda ƙaramin yatsa zai sami abin tokara idan an sassauta riƙo. Ana so kuma gabanta ya kasance da ɗan tudu ko kafaɗa da za ta hana hannu zamewa kan kaifi. Wannan zamewar ita ce mafi munin raunin wuƙa ga mai aiki, domin jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsu suna nan ƙarƙashin fata, kuma idan suka yanke ba sa haɗewa da kansu sai da tiyata. Abin da ya kamata a guje shi ne ƙotar da aka yi wa gurabun yatsu tun daga masana'anta, irin wadda ke burge matasa saboda ta yi kama da ta finafinai. Jagorar da na ambata ta yi gargaɗi a kan irin waɗannan gurabu, kuma dalilin a fili yake: an sassaƙa su ne don wani hannu da ba na mai saye ba, sai tudun da ke tsakaninsu ya faɗo daidai kan yatsa, kuma suna ɗaure hannu a mazauni ɗaya.

Yanayin wannan yanki yana ƙara wa maganar nauyi. Ruwan da ke sauka a kewayen Kafanchan da Kagoro ya kai kusan ninki biyu na wanda Kano ke samu, damina kuma takan ɗauki daga Afrilu zuwa Oktoba. Watanni ne na jiƙaƙƙen hannu, da raɓa a ciyawa, da laka. Bayansu sai hunturu ya zo da iskar da ke busar da komai. Itace yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma ƙotar da ta ratsa wannan juyi sau biyu ko uku ita ce ake gane asalinta. Wadda aka yi da ɗanyen itace ko mai laushi takan tsage ta gefen ƙusa, ko ta tsuke ta bar kan ƙusar da gefen ƙarfen a waje suna cin tafi. Ba banza ba ne masassaƙan ƙasar Hausa suka daɗe suna neman ƙirya da marke da aduwa don ƙotar gatari da fartanya: itatuwa ne masu tauri da ba sa saurin tsagewa, kuma idan sun bushe sosai kafin a sassaƙa su sukan zauna. Ƙotar ƙarfe zalla, wadda ake yawan gani a wuƙaƙe masu araha na ƙasashen waje, tana da sanyi da asubar hunturu, tana ɗaukar zafi a bakin murhu, tana kuma santsi da zarar man ja ko jini ya taɓa ta. Roba mai tauri da sulɓi ita ma haka. Roba mai ɗan laushi tana riƙe jiƙaƙƙen hannu da kyau, wannan gaskiya ne, amma a dogon sara tana jan fata maimakon ta bar ta ta ɗan zame, kuma daga nan bororo ke tasowa. Fentin ƙyalli da ake shafa wa ƙotar itace don ta ɗauki ido yana da aibi biyu, santsi da ɓoye tsaga. Gara a kankare shi a shafa man kaɗe ko man gyaɗa, itacen ya sha, a goge.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo a kan wannan ra'ayi ita ce: ƙota ana canja ta, ƙarfe ba a canja shi. Mai wannan magana zai ce a sayi ƙarfe mai kyau ko da ƙotarsa ba ta yi ba, a kai wa masassaƙi ya gyara, domin ba wanda zai iya mai da gwangwani ya zama ƙarfen ƙwarai. Akwai gaskiya a nan, kuma ba na cewa a yi watsi da ƙarfe. Ya kamata mai saye ya san bambanci tsakanin baƙin ƙarfe mai sinadarin kabon, irin sifirin tsohuwar mota da maƙera ke samowa daga wuraren gwangwan kamar Panteka ta Kaduna, da farin ƙarfe marar tsatsa, wanda aka gauraya shi da kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Na farko yana ɗaukar kaifi da sauri a kan kowane dutse, yana jure duka, amma yana tsatsa idan aka kwantar da shi a jiƙe. Na biyu yana jure damina, amma mai arahar cikinsa yakan yi laushi ko ya ƙi wasuwa. Duk da haka hujjar ta manta da abu guda. Ba kowace ƙota ce ke gyaruwa ba, domin iyakar gyaranta tana ga wutsiyar ƙarfen da ke cikinta. Idan wutsiyar ta tsaya a rabin ƙota, ko ta zama siririn tsinke da aka yi wa walda, ba masassaƙin da zai iya ƙara tsawo ba tare da ya bar wurin karyewa ba, kuma babbar wuƙa a nan take karyewa, a mahaɗar ruwa da ƙota, inda duk girgizar sara ke taruwa. Wuƙaƙe masu ƙotar roba da aka zuba a masana'anta sun fi ɓoye wannan, domin ba a ganin abin da ke ciki. Wanda ya fara da duba ƙota shi ne zai juya wuƙar ya ga ko ƙarfen ya ratsa har ƙarshe tsakanin falle biyu na itace, ko kansa ya leƙo ta gindi an dandaƙe shi, ko kuwa ya ɓace a hanya. Wato duba ƙota duba ƙarfe ne ta gefen da ya fi hatsari. Ban da haka, mu faɗi gaskiya, cikin masu cewa za su kai gyara kaɗan ne ke kaiwa. Akan ci gaba da aiki da ita a haka har ranar da ta yi ɓarna.

Wasu kuma za su ce wannan duk maganar 'yan boko ce, hannun manomi ya riga ya yi kanta, kowace ƙota ya samu zai saba da ita, idan ta dame shi ya naɗa mata robar tayar keke. Kanta tana kare fata, ba ta kare jijiya da gaɓa. Mutumin da ke matse siririyar ƙota yini guda ba bororo ne zai dame shi ba, ciwon wuyan hannu ne da na gwiwar hannu, da sagewar yatsu da dare, abubuwan da akan ɗora wa tsufa ko sanyi alhali kayan aiki na da hannu a ciki. Naɗin roba kuwa ba ya rushe wannan ra'ayi, shaida ce a gare shi. Duk addar da aka gani an naɗe mariƙinta da roba ko tsumma ko fata, mai ita ya riga ya yanke hukunci cewa masana'anta ba ta auna hannunsa ba, ya kuma gyara da abin da ya samu. Dabara ce mai kyau, tana ƙara kauri, tana rage girgiza, tana ɗaure tsagaggen itace. Aibinta shi ne ruwa yana shiga ƙarƙashinta ya kwanta, ƙarfe ya yi tsatsa a ɓoye, itace ya ruɓe, jini da kitsen nama su maƙale a tsakanin naɗin, alhali da wuƙar za a yanka abinci. Wanda ya naɗa, ya riƙa warwarewa lokaci-lokaci yana dubawa.

Tambaya ta gaba ta fi waɗannan zurfi: me ya sa ma za a nemi babbar wuƙa, tun da ga adda? Adda mai tambarin kada, wadda kamfanin Ralph Martindale na Birmingham a Ingila ya fara ƙerawa tun ƙarni na 19, da ire-irenta irin su Tramontina ta Brazil, sun cika kasuwannin Afirka ta Yamma, kuma wajen share ciyawa da saran ɗanyen reshe ba wuƙar da za ta kamo su. Wanda zai iya ɗaukar adda da ƙaramar wuƙa tare, ya ɗauka. Biyun sun fi ɗaya. Amma babbar wuƙa tana da mazauninta ga mai tafiyar ƙasa da ke ƙirga nauyin kayansa, da mai hawan dutse da doguwar adda ke harɗe masa ƙafa, da mafarauci da ke son abu ɗaya a ƙugu. Al'ummomi da yawa sun isa ga wannan matsaya ba tare da sun ga juna ba. Mutanen Sami, makiyayan arewacin Turai, suna da leuku. Mutanen Nepal suna da kukri. Mutanen Malesiya da Indonesiya suna da parang da golok. Ruwan waɗannan wuƙaƙe ya sha bamban ƙwarai, wani miƙaƙƙe, wani lanƙwasasshe, wani mai nauyi a kai. Amma ƙotocinsu sun yi tarayya a abu ɗaya: dukkansu suna buɗewa ko su lanƙwasa a ƙarshe don su tare hannu, kuma na gargajiyarsu itace ne ko ƙaho mai laushin taɓawa, ba gurabun yatsu. Mutanen da ke tsakanin ƙanƙara da waɗanda ke cikin kurmi sun yi saɓani a kan ƙarfe, sun haɗu a kan hannu. Daga nan kuma ake gane cewa girman wuƙa ba abin alfahari ba ne. Idan ƙotar da ta dace da hannun mutum ba za ta iya sarrafa ruwa mai santimita 30 ba, idan ya ɗaga ta ya ji kan wuƙar na jan wuyan hannunsa ƙasa, to wuƙarsa ita ce mai santimita 20. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

A nan ne maƙerin gida yake da fifikon da muke rainawa. Masana'anta tana ƙera dubbai da awo ɗaya, kuma awon na matsakaicin namiji ne na wata ƙasa. Maƙeri da masassaƙi a Kafanchan ko Manchok ko Gwantu suna iya kallon hannun mai saye. Wannan ƙasa ba baƙuwar ƙarfe ba ce. Ƙauyen Nok da ya ba wa tsohuwar al'adar nan suna yana ƙaramar hukumar Jaba, inda masu haƙar kuza suka fara tono gumakan yumɓu a 1928, kuma kan yumɓun da ya ja hankalin mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg a 1943 daga yankin Jema'a ya fito. Tonon da ya yi daga baya a Taruga ya fito da murahun narkar da tama da suka haura shekara 2,000. Abin lura shi ne ƙasa ta ajiye mana murhu da kashin maƙera da guntayen ƙarfe, amma itacen da aka riƙe su da shi ya ruɓe. Ilimin ƙota bai taɓa zama a gidan tarihi ba, a hannun masu sana'a yake, kuma idan masu saye suka daina tambayarsa zai tafi da su. Ba na cewa duk aikin maƙera nagari ne. Raunin wasunsu yana wajen tsoma jan ƙarfe a ruwa ko mai, inda ake yi da ido da ƙiyasi, wuƙa ta fito ko dai da laushi ko da gautsi. Wasu kuma, don sauri, sukan soka wutsiya mai zafi cikin itace ta ƙona wa kanta hanya, sai gawayin da ya rage a ciki ya marmashe, ƙota ta fara girgiɗi bayan wata biyu. Maganin wannan ba gudun maƙera ba ne, sanin abin da za a ce musu ne. Mai saye ya ce, "Baba, a bar mini wutsiyar ta fita har ƙarshe, a sa busasshen marke, a bar shi da kauri, zan dawo mu rage tare." Maƙerin da ya ji haka ya san ya haɗu da wanda zai yi aiki da wuƙar, kuma aikinsa yakan canja.

Wannan rage kauri a hankali shi ne sirrin abin, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. A bakin rumfa abin da za a iya yi kaɗan ne, amma yana da amfani: a jiƙa hannu a riƙe, a kaɗa wuƙar a iska kamar ana sara a ji ko tana neman kuɓucewa, a ɗora ta a kan yatsa a ga inda nauyinta ya daidaita. Ga wuƙar da za ta yi sara da fiƙa duka, ana so wurin ya kasance kaɗan gaba da ƙota, ba can tsakiyar ruwa ba. Ainihin gwajin kuwa a gida yake, kafin ranar tafiya. A sami busasshen reshe a yi ta sara na ɗan lokaci, sannan a fiƙe turaku biyu ko uku, a buɗe tafi a duba. Duk inda fata ta yi ja, to a nan ƙota take da kusurwa ko tudu, sai a bi wurin da magagari ko fasasshiyar kwalba a kankare kaɗan, a sake gwadawa. Rabin yini na irin wannan aiki ya fi ƙarin kuɗin da za a zuba wajen sayen mai suna.

Ba zai yiwu a yi maganar babbar wuƙa a kudancin Kaduna a tsallake batun tsaro ba. Yankin da ya ga rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da na bayan zaɓen 2011, da hare-haren da suka biyo baya a ƙauyuka, yana da hujjar ya tsargu da ganin ƙarfe a ƙugun baƙo. Wani zai ce bai ma dace a koya wa mutane zaɓen wuƙa ba. Amma manomi da makiyayi da mafarauci ba za su daina buƙatar kayan aikinsu ba, kuma abin da ya fi amfani shi ne a bambance kayan aiki da makami. Bambancin ana ganinsa da ido. Wuƙar aiki bakinta ɗaya ne, bayanta mai kauri ne don a ɗora yatsa ko a buga da itace wajen faskare, tsininta gajere ne, ƙotarta an yi ta don dogon riƙo. Mai baki biyu da dogon tsini da siririyar ƙota ba ta fere doya ba ta saran turke, kuma wanda ya saye ta da sunan kwanan daji ya ɗauko wa kansa tambayoyi a shingen jami'an tsaro ba tare da ya sami abin aiki ba. Ladabin ɗaukarta ma sananne ne: tana cikin kube, kuben yana cikin jaka ko buhun kayan gona, ba a shiga da ita kasuwa ko tasha ko wurin taro, sai an isa daji take komawa ƙugu. Shugabannin matasa da ke fita da yara sansani su ne ya fi kamata su tsaya a kan wannan, su kuma tuna cewa hannun ɗan shekara 13 bai kai ya rufe ƙotar babba ba.

Akwai kuma waɗanda masu ƙera wuƙa kusan ba sa tunawa da su, wato mata. A ƙasar citta, tsaga ta don a shanya aiki ne na hannu da ke cin sa'o'i, kuma mata ne ke ɗauke da kaso mai yawa na shi, haka nan saran itacen girki da gyaran abinci a bukkar gona. Sau da yawa da wuƙar maigida suke yi, wadda aka zaɓa da hannunsa. A gidan da wuƙa ɗaya za ta yi wa mutum biyu ko uku aiki, hanyar da ta fi dacewa ita ce a auna kaurin ƙota da ƙaramin hannu, a auna tsawonta da babban hannu. Tsawon da ya yi rara ba ya cutar da mai ƙaramin tafi, kuma mai babban tafi yana iya ƙara kauri da naɗin fata ko igiya a ranar da zai yi dogon sara, ya warware idan ya gama. Mai ƙaramin hannu ba ta da yadda za ta rage itacen da ya fi ƙarfin yatsunta a tsakiyar gona.